Soket ɗin waje yana yanke wuta tun da dusar ƙanƙara ta narke, ina neman shawara

Sabon Magidanci, Winnipeg:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekarata huɗu a Winnipeg ina zaman haya, inda duk abin da ya lalace mai gida ake kira, sai a watan Satumban bana Allah Ya hore mini na sayi ɗan tsohon gida mai hawa ɗaya. Makon jiya an samu sassaucin sanyi na kwana biyu, dusar ƙanƙarar da ke kan rufi ta fara narkewa, sannan sanyin ya dawo da ƙarfi. Tun daga ranar, duk lokacin da na jona wayar ɗumama injin mota a soket ɗin da ke bangon waje, ba ya minti biyar sai ya yanke wuta, in danna maɓallinsa ya dawo, ya sake yankewa. Fitilar ƙofar gaba kuma na ga ruwa ya kwanta a cikin gilashinta ya daskare, ga kuma ƙanƙara mai tsini tana reto daga bakin rufi daidai saman mita. Ina da ƙananan yara biyu masu wasa a tsakar gida, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Ta ina ya kamata in fara?

Alhaji, Buffalo:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri a gidan, ɗana. Ni abin da nake yi fiye da shekara ashirin shi ne, da zarar Nuwamba ta kama, sai in samu leda mai kauri in rufe duk soket ɗin waje da mahaɗar wayoyi, in naɗe da salatif sosai yadda ko ɗigon ruwa ba zai shiga ba. Mu nan Buffalo dusar ƙanƙara ba baƙuwarmu ba ce. A Disambar 2022 ta zuba fiye da ƙafa huɗu cikin 'yan kwanaki, mutane sama da 40 suka rasu a yankin, kuma soket ɗina bai samu matsala ba. Ka gwada wannan kafin ka kashe kuɗi.

Injiniya, Minneapolis:
Baba Alhaji, ina neman afuwa, zan saɓa maka a kan maganar leda, domin aikin wutar gidaje shi ne sana'ata a nan, kuma na sha buɗe soket ɗin da aka naɗe da leda in tarar da shi cikin tsatsa. Dusar ƙanƙara a bushe, matuƙar sanyi bai sassauta ba, ba ta cika yi wa kayan wuta illa ba. Ɓarnar tana zuwa ne ranar da ta narke, ruwan ya bi ta ƙaramar kafa ya shiga, dare ya yi ya daskare. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, saboda haka kafar da ta kasance kamar tsinin allura jiya, yau ta buɗe, gobe ruwan da zai shiga ya fi na jiya. Leda ba ta hana wannan, domin ba a taɓa naɗe ta ba tare da wata kafa ta saura ba, kuma ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita. Bugu da ƙari, idan rana ta haska ledar takan yi gumi daga ciki, kamar yadda murfin tukunya yake tara ruwa, sai soket ɗin ya kwana cikin laimar da ba ruwan sama ne ya kawo ta ba.

Ƙanena na Winnipeg, soket ɗin naka mai maɓalli biyu shi ake kira GFCI, kuma yankewar da yake yi aikinsa ne yake yi. Yana auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar, idan ya ga an samu giɓi na kimanin miliamfiya 5, ya san wutar ta ɓulle ta wata hanya, ko ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ya yanke cikin ƙiftawar ido. Birekar da ke cikin akwatin wutar gida ba ta motsawa sai an wuce amfiya 15, wato ninki dubu uku na wancan, kuma kafin a kai nan mutum ya riga ya halaka. Don haka ka daina danna maɓallin kana mayar da wuta. Ka cire komai daga jikinsa, ka danna maɓallin sau ɗaya, ka jona ƙaramar fitila da ka san lafiyarta ƙalau. Idan wutar ta zauna, laifin yana ga wayar da kake ja zuwa mota ko ga na'urar ɗumama injin. Idan ya yanke ba tare da komai a jikinsa ba, ruwa ya shiga akwatin, ko kuma soket ɗin ya mutu, sai ka kashe birekarsa daga ciki har a zo a duba.

Sabon Magidanci, Winnipeg:
Na gode, Yaya Injiniya. Na gwada da fitilar ɗaki yanzu, wutar ta zauna fiye da rabin sa'a. Da na duba wayar da nake ja zuwa mota, na ga robarta ta tsage a wuri biyu, kuma fulogin da ke gaban motar ya yi fari da gishirin titi. Wayar tun daga tsohon gidana na zo da ita, mai ruwan lemo ce mai arha.

Injiniya, Minneapolis:
To ka kama ɓarawon. Kada ka naɗe tsagar da tef, ka yanke wayar gida biyu ka zubar don kada wani ya tsince ta. Robar wayoyi masu arha tana sandarewa a sanyin da kuke yi, ana lanƙwasa ta sai ta dare. Ka nemi wadda aka buga harafin W a jerin haruffan jikinta, alamar ta waje ce, kuma a kwalinta an rubuta tana jure digiri 40 ƙasa da sifiri. Ka lura da kaurinta kuma: lamba 14 ta fi lamba 16 kauri, lamba 12 ta fi su duka, kuma gwargwadon nisan mota gwargwadon kaurin da kake bukata. Fulogin motar ka goge shi da busasshen tsumma, domin ruwan gishiri ya fi ruwan famfo ɗaukar wuta nesa ba kusa ba, kuma shi ne yake cin ƙarfe. Mahaɗar wayoyin biyu kada ta kwanta a ƙasa inda ruwa zai taru, ka rataye ta ko ka sa ta cikin ɗan akwatin roba da ake sayarwa don haka. Injin kuma ba ya bukatar ya kwana a jone, sa'a uku zuwa huɗu kafin ka fita sun wadatar, sai ka sa agogon kunnawa na waje.

Sai murfin soket ɗin. Idan irin mai faifan nan ne da yake rufuwa sai an cire fulogi, ba ya kare komai a lokacin da kake amfani da shi. Wanda ake so shi ne mai kumburi kamar ƙoƙo, wanda yake rufuwa ruf da fulogin a ciki, wayar ta fito ta ƙasa. Ramin nan na ƙasa da gangan aka bar shi, kada a toshe. Shi kansa soket ɗin ya kasance mai tambarin WR a fuskarsa, alamar yana jure yanayin waje, wanda dokar lantarki ta Amurka ta wajabta a waje tun bugun 2008. Wani abu da ya shafe ku musamman: yawancin GFCI an gwada su ne zuwa digiri 35 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, kuma Winnipeg takan wuce nan, shi ya sa na fi son a sa kariyar a cikin gida, a jikin bireka, a bar soket na waje ba tare da maɓalli ba.

Ɗalibi, Calgary:
Yaya Injiniya, a gidan da nake haya maƙwabcina ya gaji da wannan yankewar, ya ce zai cire mai maɓallin ya sa soket na gama-gari, domin sau biyu yana tashi da asuba ya tarar mota ta ƙi tashi. Hujjarsa ita ce ƙarfin wutar nan volt 120 ne, bai kai 230 ɗin da muka saba da shi a ƙasarmu ba, kuma a can ba mu da irin wannan na'ura a yawancin gidaje. Shin akwai gaskiya a maganarsa?

Injiniya, Minneapolis:
Babu, kuma ina roƙonka ka hana shi, idan ya ƙi ka sanar da mai gidan. Wuta mai ƙarfin 120 tana kisa, musamman ga mutumin da yake tsaye cikin narkakkiyar ƙanƙara mai gishiri da jiƙaƙƙen takalmi, hannunsa a kan ƙarfen mota. Dokar lantarki ta Kanada ta wajabta wannan kariya ga soket ɗin wajen gida da bai wuce mita biyu da rabi daga ƙasa ba, a Amurka kuma an wajabta ta tun farkon shekarun 1970. Rashinta a gidajenmu na can ba hujja ba ce, domin dukanmu mun san gidan da wuta ta ja wani a lokacin damina.

Hajiya, Montreal:
Ina biye da ku tun ɗazu, kuma na ga kowa ya tsaya a kan soket, alhali abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayar yaron nan shi ne ƙanƙarar da ke reto a saman mita. Ni ina garin nan a Janairun 1998, lokacin da aka kwana biyar ana ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa abu. Muna cikin azumi a lokacin. A wasu wurare kudu da Montreal kaurin ƙanƙarar ya kai kusan milimita 100, hasumiyoyin ƙarfe masu ɗauke da wayoyin kamfanin wuta na Hydro-Québec kimanin 1,000 suka durƙushe, miliyoyin mutane suka shiga duhu, aka fito da sojoji fiye da 15,000, kuma garuruwan da ke tsakanin Saint-Hyacinthe da Granby da Saint-Jean-sur-Richelieu sun yi makonni babu wuta. Abin da idona ya gani a layinmu shi ne, reshen bishiya ya yi nauyi ya faɗo kan wayar da ta taso daga fal zuwa gida, ita kuma ta fizgo bututun ƙarfen da ke riƙe da ita daga jikin bango har da mita. A ranar 5 ga Afrilun 2023 aka sake yin irinsa, nan ma cikin azumi, gidaje da shaguna fiye da miliyan ɗaya suka rasa wuta, kuma mafi yawan ɓarnar rassan bishiya ne suka yi ta.

Saboda haka, ɗana, ka fita da rana ka ɗaga kai ka bi wayar nan da ido tun daga fal har zuwa inda ta shiga gidanka. Idan akwai reshe a samanta, kada ka hau da zarto da kanka, ka kira kamfanin wuta su faɗa maka wanda ya kamata ya sare shi. Mita kuma da tsintsiya ake share mata dusar ƙanƙara, ba da shebur ba, ba a dukanta don a fasa ƙanƙara, ba a kuma zuba mata ruwan zafi. Kuma ka gargaɗi yaranka cewa duk wayar da suka gani a ƙasa, ko ba ta tartsatsi, su yi nesa da ita da mita 10.

Malama, Toronto:
Maganar Hajiya gaskiya ce, kuma ni na ɗanɗana. A Disambar 2013, kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti, irin wannan ruwan ya sauka a Toronto, gidaje da wuraren sana'a kusan 300,000 suka rasa wuta. Bututun namu ya karye daga jikin rufi. Mun zauna muna jiran kamfani ya zo ya gyara, sai daga baya muka fahimci cewa a nan bututun da akwatin da mita take zaune a ciki na mai gida ne, shi zai nemo mai gyaran wuta mai lasisi, hukumar ESA mai duba aikin wuta a lardinmu na Ontario ta amince da aikin, sannan a mayar masa da wuta. Maƙwabta suka samu wuta mu muna cikin duhu, domin a makon nan duk mai lasisi yana da layin mutane a gabansa. Da mun sa an duba ƙusoshin da suka riƙe bututun tun a watan Oktoba, da an ga katakon da suke ciki ya ruɓe. Kowane lardi da tsarinsa, don haka ka tambayi kamfanin wutarku inda nasu ya tsaya da inda naka ya fara tun kafin bukata ta taso.

Alhaji, Buffalo:
Injiniya, na fita na kwance ledar soket ɗin bayan gida saboda maganarka, kuma na tarar sukurorin sun yi ja da tsatsa, akwai kuma danshi a ciki. Na karɓi gyara a kan wannan. Amma game da ƙanƙarar bakin rufi, ni ina da wayar zafi da aka shimfiɗa mini a gefen rufin da cikin indararo, ina kunna ta idan an yi zubar dusar ƙanƙara, kuma tun da na sa ta ruwa bai sake shigo mini ba. Ina ganin ita ce maganin matsalar yaron nan, har da fitilar ƙofarsa.

Injiniya, Minneapolis:
Allah Ya ƙara girma, Baba. Wayar zafi tana da amfaninta, amma ina so ƙanena ya san asalin ciwon kafin ya saye ta. Ƙanƙara mai tsini a bakin rufi alama ce cewa ɗumin cikin gida yana tserewa ta silin yana ɗumama rufin daga ƙasa. Dusar da ke sama ta narke, ruwan ya gangaro, da ya iso bakin rufin da ya zarce bango, inda babu ɗumi, sai ya daskare ya zama shinge. Ruwan da ke biyowa ya taru a bayan shingen, ya koma ta ƙarƙashin rufin, ya sauka cikin bango, kuma akwatin fitilar ƙofa yana cikin wuraren da yake fara ɓullowa. Wayar zafi tana buɗa wa ruwan hanya ne kawai, ɗumin yana ci gaba da tserewa, kana biyan kuɗin ɗumama gida kana kuma biyan kuɗin wayar. Maganin mai ɗorewa shi ne a shiga sararin da ke tsakanin silin da rufi a toshe duk kafar da iska mai ɗumi take bi, a ƙara audugar tare ɗumi, a tabbatar iskar waje tana ratsawa.

Wanda kuma zai sa wayar, ya sani cewa mai arhar nan da ake sayarwa a naɗe zafinta ɗaya ne ko da sanyi ko babu, idan ta hau kan kanta ko busassun ganye suka rufe ta tana iya ƙonewa. Mai daidaita zafinta da kanta ta fi tsada kuma ta fi aminci. Kowace iri ce dole a jona ta a layi mai kariyar ɓullewar wuta, a duba robarta kowace kaka, a kuma kashe ta idan lokacinta ya wuce.

Alhaji, Buffalo:
Ban ƙi taka ba, amma ba kowa ne yake da kuɗin aikin silin a shekarar da ya sayi gida ba, kuma irin rufina mai kwana-kwana, ko an yi aikin, akwai lungun da rana ba ta kaiwa. Ni dai zan ci gaba da tawa, sai dai zan sa a duba layin da take kai.

Hajiya, Montreal:
Kafin ya samu kuɗin ko wanne, akwai dogon manjagara da ake jawo dusar ƙanƙara da shi daga bakin rufi mutum yana tsaye a ƙasa. Sai dai sandarsa ta ƙarfe ce, don haka ɓangaren da wayar wuta ta shigo a bar shi kwata-kwata. Ina kuma so in ƙara magana ɗaya, domin mu mutanen da muka saba da janareta ne, kuma sabon yana sa mu sakaci. A 1998 an rasa rayuka saboda hayaƙin injin da na gawayi da mutane suka shigar cikin gida don tsoron sanyi. Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga da kimanin mita 6, ba a gareji ba ko da ƙofarsa a buɗe take. Kuma ba a jona shi a soket ɗin bango don a ba gida wuta, domin wutar tana komawa kan layi ta kashe ma'aikacin da ke kan fal. Makunnin sauya layi da muke sawa a gida, nan ma akwai irinsa, mai lasisi ne yake haɗawa. A Quebec ma doka ba ta yarda mai gida ya yi aikin wayar wuta da kansa ba.

Sabon Magidanci, Winnipeg:
Allah Ya saka da alheri, Mama Hajiya. Saura fitilar ƙofar. Na kashe makunninta tun jiya. Shin in cika gefenta da gam gaba ɗaya idan ta bushe?

Injiniya, Minneapolis:
Kashe makunni bai isa ba, birekar za ka kashe kafin a taɓa ta, domin a tsofaffin gidaje akan samu wuta a akwatin ko da makunni a kashe. Gam ɗin silikon kuma ana sa shi ne a sama da gefe biyu inda fitilar ta haɗu da bango, a bar ƙasa a buɗe, don ruwan da ya shiga ya samu mafita. Ka duba cikin fitilar akwai takardar da ta nuna ko an yi ta don wurin da ruwa ke dukanta kai tsaye ko don wuri mai laima kawai, kamar ƙarƙashin rumfa. Idan ta biyun ce aka kafa a fili, sauya ta za a yi. Akwai kuma hanyar da ruwa ke shiga wadda mutane ba sa zato: iska mai ɗumi daga cikin gida tana bin ramin da waya ta ratsa bango, ta iso akwati mai sanyi ta zama raɓa. Ana toshe wannan ramin da wani abu mai laushi kamar yumɓu da ake sayarwa a shagon kayan wuta. Ƙwan LED yana aiki sosai a sanyi, sai dai ba ya zafin da zai narkar da abin da ya taru a kansa, don haka sharewa da hannu ta zama dole. Idan kuma kana da fitilun ƙasa a gefen hanya, ka kafa musu dogayen sanduna tun yanzu don kada shebur ko injin kwashe dusar ƙanƙara ya sare su, kuma kada ka tara dusar a jikin bangon da soket yake.

Sabon Magidanci, Winnipeg:
Ina sanar da zaure cewa mai gyaran wuta ya zo yau da safe. Ya sauya soket ɗin da murfinsa, ya mayar da kariyar cikin akwatin bireka kamar yadda Yaya Injiniya ya ce, kuma mota ta kwana biyu tana tashi da sabuwar waya ba tare da wuta ta yanke ba. Da ya cire fitilar ƙofa, ya tarar ruwan daga sama yake gangarowa ta cikin bango, katakon wurin ya jiƙe, don haka ya rufe wayoyin ya bar layin a kashe har wurin ya bushe. Ya duba bututun mita ya ce ƙusa ɗaya ta saki, ya ɗaure ta. Na kira kamfanin wuta game da reshen da ke saman waya, sun ba ni rana. Aikin silin kuma na nemi mutum biyu su zo su duba su faɗi kuɗinsa, kuma ina so in san abin da ya kamata in tambaye su.

Injiniya, Minneapolis:
Ka tambaye su ko za su toshe kafofin iska kafin su zuba audugar, musamman gefen fitilun silin da ƙofar shiga saman da inda bututu ya ratsa, domin wasu zubawa kawai suke yi su tafi. Ka kuma sa su duba ko bututun fankar banɗaki yana fitar da tururinsa waje ne ko a cikin saman yake sakinsa, kuma su tabbatar audugar ba ta toshe ramukan iska na bakin rufi ba. Idan sun ba ka takardar kuɗin, ka turo ta nan mu duba tare.